Wata na Bakwai: Nazarin Lamarin Wani Ma'aikaci da Aka Sallama a Legas

A ƙarshen watan Mayun 2016, ana saura mako guda a kama azumi, aka tara ma'aikatan sito na wani kamfanin roba da ke yankin masana'antu na Ikeja, aka miƙa wa kowa ambulan. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikinsu. Shekararsa 11 yana tuƙa motar ɗaga kaya a wannan sito, yana loda bokitai da kujerun roba a manyan motoci masu zuwa Onitsha da Kano. Shekarunsa 44 a lokacin, da mace ɗaya da 'ya'ya 5, a ciki da falo a Agege. Ni ne na takwas a gidan, ina karatu, a falon nake shimfiɗa tabarmata. Saboda haka abin da zan rubuta ba ji na yi ba, gani na yi. Sunansa da na kamfanin na bar su. Kawu nake ce masa, da shi zan ci gaba da kiransa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayar robar da injinan kamfanin ke narkawa daga waje ake sayo ta, da dala. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, dala ta yi wuya a hannun Babban Bankin Najeriya. A takarda farashinta naira 197 ne, amma mai masana'anta sai ya yi watanni a layi bai samu ba, in kuma ya je wajen 'yan canji ya saya a sama da 300, kayansa ba za su sayu ba. Injina suka fara kwana a kashe. A wannan watan ne kuma aka ɗaga litar fetur daga naira 86.50 zuwa 145. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba ta tabbatar da koma-bayan tattalin arziki ba sai ƙarshen Agusta. Mu a falon Kawu mun riga ta sani da wata uku.

Abin da ke cikin ambulan ɗin

Takardar sallama ce, da alƙawarin albashin wata uku. Kawu yana ɗaukar naira dubu 65 a wata, ke nan dubu 195. Manaja ya ƙara da maganar da duk wanda aka taɓa sallama ya san ta: idan abubuwa suka daidaita, za mu neme ku.

A wannan sallamar kamfanin bai karya doka ba, kuma a nan ma matsalar take. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 20, ta ce idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a fara da wanda ya zo daga baya, sannan mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Ba ta faɗi adadi ba. Wanda ya shekara 5 ko fiye, notis ɗin wata ɗaya ne haƙƙinsa. Daga nan doka ta wanke hannunta. Da a ce motar ɗaga kayan ce ta danne masa ƙafa, da yana da inda zai nufa, domin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Amma lafiyarsa ƙalau aka sallame shi. Najeriya ba ta da tsarin da ke ba wanda ya rasa aiki wani abu duk wata har ya samu wani.

Ba ta da shi a rubuce, nake nufi. Akwai wanda ba a rubuta ba, kuma duk Bahaushen da ya zauna a Ikko ya san yadda yake aiki.

Asusun da babu ofishinsa

Tun a makon farko labari ya zaga layinmu. Mai shagon bakin layi, ɗan ƙasar Sakkwato, ya buɗe wa gidan shafi a littafin bashi: shinkafa, man gyaɗa, sukari, sabulu, a rubuta. Yayan matar Kawu, wanda ke dillancin tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, ya riƙa aiko da kayan miya da 'yan kuɗi duk Juma'a. Uwar adashi ta matso wa matar Kawu da kwasarta kusa, alhali ba ita ke kan layi ba. Azumi ya zo da albarkarsa, kwanuka suna shigowa daga maƙwabta, zakkar kono ta ƙaramar salla ta kai mu makonni. Tsohon da ke da gidan, Bayarabe ne, ya ce da Kawu kada ya damu, ai ba yau suka fara zama ba.

Ban raina wannan ba, kuma wanda bai taɓa cin tuwon maƙwabta ba kada ya yi saurin raina shi. Ya fi ofis sauri, ba fom, ba layi, kuma yana rufa asiri. Amma yana da wa'adi, ko da ba wanda ya taɓa faɗinsa da baki. A lissafina wata shida ne.

Wata rana cikin Disamba aka aiki ɗan Kawu na biyu ya karɓo gwangwanin shinkafa huɗu. Ya dawo da leda a naɗe a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Baba, mai shago ya ce yana gaishe ka. Wai littafin ya cika."

Kawu bai ce komai ba. Ya sa hula ya fita, na bi shi. Mai shago ya taso ya tarye shi da hannu biyu, kamar shi ne mai laifin.

"Wallahi Alhaji ba don kai ba ne. Duba." Ya buɗe littafin yana juya shafuka. "Gida goma sha ɗaya ke nan a layin nan. Buhun da nake sarowa bara, yanzu kuɗinsa ya kusa ninkawa. Wanda ke ba ni kaya ya ce sai da kuɗi a hannu."

"Na sani, Malam. Allah ya saka da alheri. Ka yi abin da ɗan'uwa zai yi."

Wannan 'yar magana ta mai shago ita ce zuciyar lamarin gaba ɗaya. Idan mutum ɗaya ne ya rasa aiki a lokacin da kasuwa ke ci, unguwa za ta iya riƙe shi har ya miƙe. A lokacin koma-baya kuwa, masu riƙon su ma ƙafarsu rawa take. Hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin 100 a wannan Disamba. Surukin Kawu na Mile 12 tun farkon shekara yake shan duka: an rufe kasuwar na wani lokaci a watan Maris bayan rikicin da aka yi a yankin, sannan tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Zuwa ƙarshen shekara aiken Juma'a ya koma na wata-wata, daga baya ya koma gaisuwa ta waya. Adashi ya watse don mutum huɗu sun kasa zubi. Kowa gemunsa ya kama wuta, wa zai shafa wa wani ruwa?

Kashi 25

Ƙofa ɗaya ce ta hukuma a buɗe gare shi. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce ma'aikacin da bai kai shekara 50 ba, idan aka sallame shi ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa ba. Asusun nan shi ne wanda ake zuba wa kashi 8 daga albashin ma'aikaci da kashi 10 daga mai kamfani. A tsohuwar dokar 2004 sai an yi wata 6 ake tambaya.

Ranar da wata huɗu suka cika muka tafi, ni ke riƙe da takardu a cikin leda saboda ruwan sama. A can muka gano cewa kamfanin ya yi watanni yana cirewa daga albashinsa ba ya zubawa. Sai da aka koma neman wasiƙa daga kamfanin, wanda a lokacin maigadi da akanta ɗaya ne suka rage a cikinsa. Zirga-zirgar nan ta ci kuɗin mota da ba mu da su, ta ci wata biyu. Kuɗin suka faɗo a ƙarshen Nuwamba, ba su kai dubu 200 ba. A Legas kuɗin haya na shekara ake biya a dunƙule, namu kuma a Disamba yake cika. Haya ta ɗauki nata, makarantar yara ta ɗauki nata, ragowar aka rage bashin shago da shi, wanda hakan ma bai hana littafin cika ba.

A cikin danfo muna dawowa, Kawu yana kallon saƙon banki a wayarsa, ya ce da ni, "Ɗana, ka ga wannan? Tsufana nake ci tun ban tsufa ba."

Gaskiya ya faɗa. Wannan ba tallafi ba ne, kuɗinsa ne aka ba shi tun kafin lokaci. Sau ɗaya ake cirewa, kuma yawansa ya danganta da abin da ka tara, ba da tsawon wahalar da kake ciki ba. Wanda ya yi wata biyar a gida da wanda ya yi shekara biyu, ma'auni ɗaya ake auna musu.

Sauran ƙofofin ba don irinsa aka yi su ba. N-Power, wanda gwamnatin Buhari ta fara a 2016 da alawus na naira dubu 30 a wata, na matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 35. Asusun samar da ayyukan yi da gwamnatin Ambode ta kafa a Legas a shekarar, rance yake bayarwa ga mai son yin sana'a, da ruwa kashi 5 cikin 100 a lokacin. Kawu ya yi kwana biyu yana juya maganar ruwan a ransa, ya tambayi malamai, daga ƙarshe ya bari. Ko ba don ruwan ba, shi ba ɗan kasuwa ba ne. Direba ne da ya iya cusa tan biyu na kaya a lungun da ni ko baro ba zan iya turawa ba.

Daga wata na bakwai

Abin da ya biyo baya zan taƙaita shi, don duk wanda ya san Agege ya san jerin. An sayar da sarƙar matar Kawu. An cire yara uku daga makarantar kuɗi. Ya karɓi mashin a hannun wani ya fara acaɓa, yana kai balas kullum, a garin da dokar hanya ta 2012 ta hana mashin bin tituna 475. Wata biyu ya yi aka kama mashin ɗin, kuɗin karɓo shi ya zama sabon bashi. A wata na goma, cikin Maris ɗin 2017, ya sa iyalinsa a motar dare zuwa garinmu can ƙasar Katsina, da katifa biyu da buhun tukwane. Babbar 'yarsa tana aji biyu na babbar sakandare a lokacin. Ba ta koma aji ba.

Inda nake so a tsaya a duba shi ne neman aikin kansa, domin nan ne mutane ke yin kuskure idan suna maganar marasa aiki. Neman aiki a Legas kuɗi yake ci. Daga Agege zuwa Apapa ko Agbara mota biyu ce ko uku, zuwa da dawowa, ga hoton fasfo, ga kwafin takardu, ga kati a waya. A watannin farko Kawu yana fita sau uku ko huɗu a mako. Bayan kuɗin sun ƙare sai ya koma sau ɗaya, daga baya sai in an kira shi. Takardar shaidar tuƙinsa ta ƙare wa'adi, ba kuɗin sabuntawa. Sau biyu ana ce masa ana neman direba a wani sito, ya rasa abin da zai nuna.

Ga kuma tambayar da ta riƙa kashe masa jiki a duk inda ya samu aka saurare shi: tun bara me kake yi? Mai ɗaukar aiki yana ganin wanda ya daɗe a gida kamar kayan da suka daɗe a kanta, ko ba a ga aibinsu ba sai a ce da dalili. Wannan ba halin Legas kaɗai ba ne. Wasu masana uku sun gwada shi a Amurka, suka aika takardun neman aiki na bogi kusan dubu 12 zuwa kamfanoni, suna sauya tsawon lokacin da mai neman ya yi ba aiki. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna cewa kiran da ake yi wa mutum yana raguwa sosai, kuma mafi yawan raguwar a cikin wata takwas na farko take faruwa.

A wata na goma sha huɗu ya karɓi gadi a wani gida a Ogba, naira dubu 25. Da babu gara ba daɗi. Sai dai maigadi ba ya barin ƙofa, don haka daga ranar neman aikin sito ya tsaya cak.

Yadda wasu suka yi da nasu watan na bakwai

Abin da ya ba ni mamaki da na fara bibiyar yadda ake yi a Amurka shi ne, su ma wa'adinsu wata shida ne. Tun 1935 suke da inshorar rashin aiki. Kamfanoni ke biyan haraji a kan albashin ma'aikatansu, jihohi ke riƙe da asusun, wanda aka sallama ba da laifinsa ba yana karɓar kusan rabin albashinsa duk mako, har mako 26 a yawancin jihohi, muddin yana nuna cewa yana neman aiki. Sun ɗauka cewa a lokacin lafiya wata shida ya isa mutum ya samu wani wurin.

Bambancin shi ne sun yarda cewa lokacin koma-baya ba lokacin lafiya ba ne. Tun 1970 suke da dokar da ke ƙara makonni da kanta idan rashin aiki ya haura wani mizani a jiha. Da rikicin bankuna ya taso, Shugaba Bush ya sa hannu a kan ƙarin gaggawa a Yunin 2008, aka yi ta tsawaita shi a zamanin Obama har ya kai jimillar mako 99 a jihohin da abin ya fi tsanani. Kusan shekara biyu ke nan. Rashin aiki ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009, kuma a 2010 waɗanda suka haura wata shida a gida sun fi mutum miliyan 6. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne a ma'auninsu, wajen dala 300 a mako a matsakaici, amma suna biyan haya, suna zuba mai a mota a je neman aiki.

Ba a yi shi cikin daɗin rai ba. Kowane ƙari sai an yi dambe a majalisa. A farkon 2010 sanata guda, Jim Bunning na jihar Kentucky, ya tare ƙarin na 'yan kwanaki yana cewa sai an nuna inda kuɗin za su fito. A tsakiyar shekarar tallafin ya tsaya na makonni saboda an kasa daidaitawa. A Disamban 2010 sai da Obama ya yarda a ci gaba da rangwamen harajin zamanin Bush kafin ya samu ƙarin wata 13. A ƙarshen Disamban 2013 majalisa ta bar shirin ya mutu, mutum miliyan 1.3 suka wayi gari an yanke musu.

A lura da wannan: a lissafin masana koma-bayan Amurka ya ƙare tun Yunin 2009, amma tallafin ya ci gaba shekara huɗu da rabi bayan haka, domin aiki ba ya dawowa tare da alƙaluma. Mu ma mun gani. A Satumban 2017 aka sanar cewa Najeriya ta fita daga koma-baya. Kawu a rediyon ɗakin gadi ya ji labarin. Rashin aikin da yake kashi 14.2 cikin 100 a ƙarshen 2016 ya hau zuwa 18.8 a 2017, ya kai 23.1 a 2018.

Shin ba zai sa mutane zaman kashe wando ba?

Wannan ita ce hujjar masu adawa a can, kuma ita za a fara kawowa a nan. Ba hujjar banza ba ce. Wanda ake ba wani abu ba zai yi gaggawar karɓar aikin da bai yi masa ba, wannan halin ɗan Adam ne. Tambayar ita ce yaya girman abin yake. Jesse Rothstein na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya auna shi a 2011, ya samu cewa tsawaita tallafin ya ƙara wa alƙaluman rashin aiki tsakanin 0.1 da 0.5 ne kawai cikin 100. Kuma babban kaso na wannan ɗan ƙarin ya fito ne daga mutanen da suka ci gaba da nema maimakon su yanke ƙauna su fita daga lissafi. Idan gurbi ɗaya mutum biyar ko shida ke nemansa, yunwar da za ka sa wa mai nema ba ta haifar da gurbi na biyu.

A lamarin Kawu ma rashin kuɗin ne ya hana shi nema. Yunwa ba ta kai shi sito ba, ƙofar gidan wani ta kai shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajenmu daban ce, kuma Kawu da kansa ya faɗe ta. Na taɓa ba shi labarin mako 99 ɗin nan, ya yi dariya. "To ai ni da za a ba ni, karɓa zan yi in ci gaba da acaɓata da daddare. Wa zai sani?" Haka ne. A ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba su da takardar albashi, wa zai tantance mai aiki da marar aiki? Ɗan dako a Mile 12 da mai yankan farce a Idi-Araba ba wanda ya ɗauke su, balle a sallame su. Ga sunayen bogi da muka saba gani a duk inda ake rabon kuɗin gwamnati. Ga kuma babbar matsala: abin da ke kawo mana koma-baya, wato faɗuwar farashin mai, shi ne kuma ke zubar da aljihun gwamnati a rana ɗaya. Amurka tana cin bashi da kuɗinta a lokacin wahala. Mu ba mu da wannan gatan.

Duk da haka ban yarda cewa ba abin da za a iya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, asusun irin wannan a shekarun daɗi ake tara shi. Afirka ta Kudu tana da nata, ma'aikaci kashi 1 cikin 100 na albashi, mai kamfani kashi 1, kuma da shi suka riƙe ma'aikata da yawa a lokacin kullen korona. Ƙasar Chile ta yi wani tsari a 2002 da ya fi kama da abin da muke da shi: kowane ma'aikaci yana da asusunsa, idan nasa ya ƙare sai ya ci daga tukunyar gamayya. Mu muna da rabin farko, asusun fansho da lambar kowa, da BVN da ke nuna ko albashi ya shiga ko bai shiga ba. Tukunyar gamayyar ce babu. Da za a yi, ni zan so a rubuta a doka tun farko cewa wata shida ne a lokacin lafiya, kuma idan hukumar ƙididdiga ta nuna an shiga koma-baya wa'adin ya ƙaru da kansa, kada a jira 'yan majalisa su dawo daga hutu. Darasin damben Amurka ke nan. Acaɓar dare kuwa, ni sai in ce a kau da kai. Wanda ke bin mashin da daddare don ya samu kuɗin motar neman aiki da safe ba shi ne ɓarawon gwamnati ba.

Na san wannan ba zai kai ga mai shayi da ɗan dako kai tsaye ba. Amma littafin mai shagonmu gida goma sha ɗaya ne a ciki, kuma huɗu daga ciki na 'yan kamfani ne. Da waɗannan huɗun suna biyan ko rabi duk wata, da littafin bai cika wa sauran bakwai ɗin ba.

Inda aka kwana

A Janairun 2018, wata 19 bayan ambulan, wani tsohon abokin aikinsa ya haɗa shi da masu samo wa masana'antu leburori. Surukinsa ya ranta masa kuɗin sabunta takarda. Ya koma kan motar ɗaga kaya a wani sito a Agbara, amma a matsayin ɗan kwantiragi: ranar da ka yi aiki a biya ka, ba fansho, ba asibiti, ba notis. Aikin da yake yi bai canza ba. Tsohon kamfaninsa ya tayar da injinansa daga baya, bai neme shi ba, shi ma ta hannun irin waɗannan ejan-ejan yake ɗaukar mutane yanzu.

Ciki da falon an sake shi tun da shekarar hayar ta ƙare. Kawu ya koma ɗaki guda a layin tare da wasu mutum uku, kamar ɗan cirani da ya sauka jiya, ni kuma na koma wajen wani abokin karatu. Iyalinsa suna gida, yana zuwa da babbar salla. An aurar da babbar 'yar a 2019.

A cikin shekarar ne ya gama biyan mai shago. Ina wurin. Mai shago ya ja layi a kan lissafin, ya yage shafin ya miƙa masa, suka yi musabaha, Kawu ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa.

Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas saboda korona. Sito ya rufe, ɗan kwantiragi ba ya aiki ba a biyansa, kashi 25 kuma an riga an cinye tun 2016. A mako na biyu na kullen Kawu ya je bakin layi sayen garin kwaki da sukari, ya tsaya yana lalube a aljihu. Mai shago bai bari ya yi magana ba. Ya jawo littafi daga ƙarƙashin kanta, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunansa a sama.